Wanda Zai Sha daga Hannun Venancio

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ni ce Eduvigis Arzamendia, matar marigayi Marcial Recalde, wadda ta shekara arba'in da ɗaya tana gasa chipa, wato burodin rogo da cuku, a kasuwar Villarrica. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Ciwon da likita ya gani a hantata ya cinye naman jikina amma bai taɓa kaina ba, saboda haka kada wani ya tashi bayan raina ya ce tsohuwa ta ruɗe. Fada zai sa hannu a ƙasa idan na gama.

Zuwa gare ku, Cirilo da Teodolina. Yayanku Venancio ba ya karatu, sai ku karanta masa abin da ya shafe shi, a hankali, ba da muryar da ake yi wa jariri wasa ba. Shekararsa arba'in da bakwai. Ba ni da dukiyar da za a yi rigima a kanta. Abu ɗaya ne yake hana ni sakin jiki in tafi, wato hannun da zai faɗa ranar da aka rufe ni.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, ba za a sayar ba muddin Venancio yana numfashi. Ɗakinsa ya zauna ɗakinsa ko da ya koma wani wuri, domin ya sami inda zai dawo ranar Lahadi da lokacin bukukuwa. Cirilo, kayan sassaƙar mahaifinku naka ne. Teodolina, keken ɗinki da 'yan kunnen kakarki naki ne. Tanderun ƙasa ba ya ɗaukuwa, duk wanda ya iya hura shi ya yi gashi. Babu mai bina, ba na bin kowa.

Na biyu. Ƙahon shan terere, shayinmu na ganye da ruwan sanyi, na Venancio ne, da bututun ƙarfen da ake zuƙa da shi, da filas ɗin ruwan sanyi. Kuna ƙanana lokacin da makaranta ta maido mana shi, malama ta ce kansa ba ya ɗaukar komai. Mahaifinku ya sassaƙa ƙahon sanmu da ya mutu, ya zaunar da yaron a gindin mangwaro, ya shekara guda cur yana koya masa abu ɗaya: yadda ake daka saiwoyi a zuba cikin ruwan ƙanƙara, yadda ake cika ƙaho da ganye, yadda ake tsiyaya ruwa ba tare da ya malala ba, a miƙa wa na dama, a jira ya shanye ya maido, sannan a zuba wa na gaba. Tun daga nan, shekara talatin da biyar, ƙarfe goma na safe aikinsa ne. Ba ya iya ɗaura igiyar takalmi, ba ya gane canji, amma ko mutum goma sha biyu ne a zagaye bai taɓa tsallake kowa ba. 'Yan dako da direbobin kasuwa sun sha daga hannunsa, haka ma Fada. Idan yana zubawa, mutum ne a cikin mutane, kuma ya san haka.

Na uku. Kada a mayar da shi gidan kula da nakasassun nan mai koren ƙyaure da ke bayan gonakin rake, ko na kwana ɗaya, ko da mai gidan zai zo da takardun yabo cike da buhu. Zan rubuta abin da na gani, domin na lura kun fara cewa abin bai kai yadda nake faɗa ba.

Bara, da aka yi mini aikin ƙugu na kwanta wata huɗu a Asunción, kuka kai shi wannan gidan. Da na iya taka ƙafa, Teodolina ta kai ni ranar Lahadi, ranar ziyara. An goge ƙasa tana sheƙi, an fesa turare har yana shaƙe mutum, ga takardar izini a cikin gilashi a bango, ga hoton Budurwa Maryamu da furen roba. Aka fito mini da ɗana an yi masa ƙwal-kwabo, sanye da rigar da aka rubuta sunan wani a wuyanta, idonsa a lumshe, bakinsa a sake. Na tambayi ƙahonsa, aka ce an adana masa. Ni da na shekara arba'in ina gane gurɓataccen cuku tun daga nesa, sai ga shi turare ya rufe mini hanci, na yi godiya na tafi. Wannan godiyar tana cikin abubuwan da na kai wa Fada wajen ikirari.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Ranar Laraba na ɗauki sandata da kwandon chipa, na bi ƙofar baya inda ake shigar da itace. Wari ne ya fara tarbata, warin fitsarin da ya kwana ya wuni a jikin katifa. Mutum ashirin da uku a tsakar gida, maza da mata, duk an aske su iri ɗaya, har ba ka gane macen sai ka matsa. Uku an ɗaure su a benci da tsumman zanin gado. Bokiti ɗaya na ruwa, kofin roba ɗaya a ɗaure da igiya. Wani dattijo mai furfura yana zaune a cikin ƙazantarsa, ƙudaje sun yi masa rumfa, kuma da ganin yadda ta bushe ba ta safiyar nan ba ce. Na yi kiwon aladu a ƙuruciyata, ban taɓa barin su haka ba.

Ƙarfe goma ta yi. Ma'aikata huɗu suna zaune a inuwa, sun miƙe ƙafafu, suna shan terere suna dariya. Ƙahon da yake zagayawa a tsakaninsu na Venancio ne, na gane shi da harafin da Marcial ya ƙona a gindinsa. Shi kuwa yana tsaye a rana, taku biyar daga wurinsu, yana bin ƙahon da ido, hannunsa na dama yana karkata a iska kamar mai tsiyaya ruwa. Da ya gan ni bai rugo ba. Cewa ya yi, "Mama, sun tsallake ni."

Na tambayi babbarsu dalilin da ya sa ba shi yake zubawa ba, tunda kayansa ne. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Kaka, ke ma kin san irinsu da dalalar miyau. Wa zai sha abin da ya fito daga hannunsa? Ƙahon dai mun wanke shi da ruwan zafi, yana da kyau." Bakinta yana kan bututun ɗana take faɗa mini haka. Na tofar da miyau a gabanta, kuma har yau ban yi nadama ba. Mai gidan, Don Aristides, ya fito yana gyara abin wuya, yana cewa, "Uwa, ai da kin sanar za ki zo, da mun shirya." Na ce masa abin da ya hana ni sanarwa ke nan. Mai dafa musu abinci ce ta raka ni ƙofa, ta raɗa mini cewa ana niƙa ƙwayoyi a zuba wa kowa a shayin safe, mai buƙata da marar buƙata, domin a huta da su. Na karɓe ƙahon daga hannun matar nan, na kama ɗana, muka fito. Sai da ya yi sati uku kafin hannunsa ya daina rawa.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku a kan wannan magana ta ƙare ranar da kuka karanta takardar nan. Cirilo, kana Buenos Aires kana cika baki a waya cewa ƙanwarka ce ta zaɓi gidan. Ita ta zaɓa, amma kai ko ƙyauren ba ka taɓa gani ba, aiken kuɗi ka yi ka shafa wa kanka lafiya. Teodolina, kin je kowace Lahadi, na yaba, amma kin ga tabon ɗauri a wuyan hannunsa kika yarda da aka ce miki ƙaiƙayi ne, domin yardar ta fi miki sauƙi. Babban laifin nawa ne. Na riƙe shi a gindina kamar ba zan mutu ba, ban nemi kowa ba, ban shirya komai ba, rana ɗaya na faɗi a banɗaki na bar ku da neman wuri cikin kwana biyu. Kowa ya ɗauki rabonsa na kunyar nan ya yi shiru.

Na biyar. Ba zan ɗora muku abin da na san ba za ku iya ba. Cirilo, ɗaki ɗaya gare ka da 'ya'ya uku, kuma Venancio ba zai rayu a garin da bai san kowa ba. Teodolina, mijinki mutumin kirki ne ta wasu fuskoki, amma duk ranar da yayanki ya miƙa masa ƙaho sai ya ce mura yake yi. Shekara goma sha tara ke nan yana mura. Ba na so ɗana ya zauna a gidan da ake haƙuri da shi.

Na nemi wuri da ƙafata. Ña Porfiria, tsohuwar nas ɗin da ke bayan cocin unguwarmu, tana riƙe da mutum biyar irinsa, ita da mata biyu. Na je sau shida ba sanarwa. Gidan ba shi da kyan gani, fentin ya kwaye, amma kowa da akwatinsa, kowa da askin da yake so, ana kiran kowa da sunansa, kuma ranar Asabar suna zuwa kasuwa. A zuwa na uku na tafi da Venancio da ƙahonsa, ban gaya mata dalili ba. Ya zuba ya miƙa mata, ta karɓa tana ci gaba da maganarta, ta shanye ta maido, ba ta goge bakin bututun ba. Can nake so ya zauna.

Sai dai Ña Porfiria ma ta tsufa, gida kuma yana lalacewa a hankali ba a sani ba. Saboda haka, a wurinta ko a wani wuri nan gaba, ga abin da za ku riƙa yi. Ku je tsakiyar mako, ba sanarwa, ta ƙofar baya idan akwai. Ku shiga inda yake kwana ku ɗaga zanin gado ku sansana. Ku duba wuyan hannunsa da haƙoransa da faratan ƙafarsa. Ku tambayi sunan kowace ƙwaya da ake ba shi, da likitan da ya rubuta, da dalili. Ku tambaye shi da kansa, ku kaɗai, ku jira amsa, domin yana da jinkirin magana amma ba ya ƙarya. Sannan ku zauna har ƙarfe goma ku ga wanda yake zubawa, ku ga ko masu aikin suna sha daga hannunsa. Wanda yake ƙyamar hannun mutum a gabanku, kada ku tambayi abin da yake yi masa a bayanku, ku kwashe kayansa a ranar. Takardar bango kuwa kada ta ruɗe ku. Jami'in da yake zuwa duba gidan mai koren ƙyaure yana buga waya sati guda kafin ya zo, ya sha lemo a ofis, ya koma da kaza a bayan mota.

Na shida. Na shigar da ƙara a kan gidan mai koren ƙyaure, kwafin takardun yana cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Wata tara ke nan ana ce mini in dawo jibi. Teodolina, ke kika iya maganar ofis, ki ci gaba da ita, Cirilo ya riƙa zuwa yana tsaya miki idan an sa rana. Ranar da na fito da yayanku, wata mata ta kama bakin siket ɗina. Zunilda sunanta, za ta yi hamsin, babu wanda ya zo wurinta cikin shekara takwas. Ta ce, "Ni ma mamata tana zuwa?" Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na wuce, domin ɗa ɗaya na zo ɗauka. Ina ƙyamar gidan nan, ina ƙyamar mai shi da jami'in da yake rufa masa asiri, kuma idan na tuna yatsun nan ina ƙyamar kaina. Kada ku janye ƙarar don naku ya fita.

Na bakwai, kuma na ƙarshe. Idan na mutu, ku faɗa masa gaskiya da bakinku, a ranar. Na san za ku so ku ce Mama ta koma asibiti, kuna ganin tausayi ne. Haka kuka ce masa bara. Mai dafa abincin ta faɗa mini cewa wata huɗun nan, duk yamma sai ya je ya tsaya a jikin ƙyaure yana leƙen hanya ta ramin makulli, har sai an janye shi. Wancan karon na zo. Wannan karon idan kuka yi masa ƙarya zai tsaya har ƙarshen ransa. Ku ce masa Mama ta mutu kamar yadda Papa ya mutu, ba za ta dawo ba. Ku bar shi ya taɓa fuskata ya ji sanyinta. Zai yi kuka mai ƙarfi, mutane za su juyo suna kallo, kada wanda ya fitar da shi daga coci, kada wanda ya ba shi ƙwaya. Wajen ɗaukar akwatin gawa a ba shi mariƙin gaba na dama, kai Cirilo ka kama na hagu ka daidaita takunka da nasa.

Allah ya yi muku albarka ku uku, ya albarkaci 'ya'yanku, ya ba ku masu duba ku ranar da ƙarfinku ya ƙare. Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙa haɗuwa a gidan nan, kuma duk ranar da za a ƙirga ku a ƙirga uku. Ubangiji ya karɓe ni da jinƙansa. Amin.

Mahaifiyarku,
Eduvigis Arzamendia