Na'urar da Na Rufe Yau

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ƙanwarki ce Bilki daga Dubai, kuma raina a ɓace yake.

Kin bar ni ina digirin digirgir a fiziks, kina tsokanata wai likitar injina. To, yanzu ina horon ƙwarewa a wani asibiti, aikina gwada na'urorin hoto kafin a ɗauki mutum. Ta hoton mama, wani dunƙulen roba muke sa mata, mai ɗigo-ɗigo a ciki kamar yashi. In ba su fito a hoton ba, na'urar ta makance ke nan.

Yau ba su fito ba. Na sake, shiru. Na rufe ɗakin.

Sai ga manajan sashen yana mini "shwayya shwayya", wato in bi a hankali, wai mata sun cika layi, a ci gaba da ɗauka, gyara sai ƙarshen mako. Da na ƙi, ya tuna mini ni 'yar koyo ce, kuma bizata a hannun asibitin take. Ji rainin hankali!

Ke na gani a gabana, Yaya. Ranar da na raka ki asibiti a Kano kan ƙullin da kika ji a mama, kika tuɓe riga kunya kamar ta kashe ki, suka ɗauka, suka ce ba komai. Daga baya na bincika: tunda aka kafa na'urar, ba wanda ya taɓa gwada ta. Ƙullin yana nan, ita ce ba ta gani.

Har godiya kika yi musu! Wallahi godiyar nan tana ƙona mini rai. Ke ma ina fushi da ke. Ciwo yana cin ki, kina shafa man zafi kina cewa "ai likita ya duba", har aka makara. Haba Yaya, ke da kika goya ni, ki ɓoye mini?

Gobe za a zauna a kaina. In aka kore ni, horon ya bi ruwa, sai in kwashe komatsaina daga unguwar Hor Al Anz in dawo gida. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba zan buɗe ɗakin nan ba sai an gyara.

Wata mata sa'arki a layin ta harare ni, ta ja tsaki ta tafi. Na yarda. Gara ta tsane ni tana raye.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, ni kuma Ya tsayar mini da zuciya gobe.

Taki har abada,
Bilki