Ki Sha Ruwa, Ƙanwata

Assalamu alaikum ƙanwata. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da 'ya'ya da jikoki. Allah ya ƙara lafiya, ya rufa mana asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata tana nan tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, amma ina takawa. An dawo da Auta aiki kusa da gida, yaransa sun yi wayo, ƙaramar har ta fara yi min rashin kunya. Matarsa ce ke rubutawa ina faɗa, na ce kada ta gyara min magana, ta sa yadda ta fito.

'Yarki ta fari ta kira ni a waya. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce kin daina fita, kin daina zama kan kujerar falo, ruwa ma sai dai ki jiƙa leɓe ki ture kofin. Tana faɗa na gane, don ni ma fitsarin nan ya daɗe da daina jin maganata. Da tari ya fara, sai atishawa, sai ya zama ko dariya na yi sai na tashi na canza zane.

Na koma naɗa tsumma irin na da. Matar Auta ta gane daga shanya, ta gaya wa mijinta. Shi kuma, kin san namiji, ya je kemis ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne girma da kauri, wai uwarsa ce. Ashe famfas ɗin marasa lafiya ne da ba sa tashi. Na sa ina tafiya kamar agwagwa, ga zafi, ga ƙuraje. Sai na ce bari na raba shi biyu da almakashi. Wasu 'yan ƙwayoyi kamar gishiri suka zube min a gado, muka wuni muna kakkaɓa. Daga nan na koma audugar mata, ina haɗa biyu. Ita ce ta kunyata ni a layin asibiti, na tashi na bar shaida a benci.

A ranar matar Auta ta ce na sa mayafi mu je kemis da kaina. Matar da ke wurin ta ja ni gefe, ta yi ta tambayata kamar cinikin atamfa muke. Ɗiga yake ko zubowa? Da rana ya fi ko da barci? Ina kai kaina banɗaki? Ta ce audugar al'ada ba don fitsari aka yi ta ba, haɗa biyu kuma aikin banza ne, don ta saman akwai leda a ƙasanta, sai dai ya bi gefe. Sai ta ɗauko min wanda aka yi don fitsari, ta ce girman ƙugu daban, yawan abin da yake shanyewa daban. Ta nuna min ɗigo-ɗigon da aka zana a jikin ledar, mai ɗigo kaɗan na ɗan yoyo, mai yawa na zuba. Na ce to wannan karatun ko ni na iya. Yanzu siriri nake sawa a gida, mai kamar wando in zan shiga mota, mai kaurin kuma sai kwanciya. Ta sa na koma wajen likita ma, shi ya ce rage ruwa ƙara wa abin zafi da wari yake. Wallahi yanzu ina zama cikin mutane na yi dariyata har na ƙware.

Kin tuna Inna a ƙarshenta? Yadda take kawar da kai in mun kawo ruwa, tana cewa ba ta jin ƙishi, alhali leɓenta duk ya tsage? In muna wankin tsummanta sai ta juya fuska bango. Ke kina matsewa ni ina shanyawa, hannunmu har ya yi fari. Lokacin ba mu da abin ba ta sai tsumman. Da akwai irin wannan, da ta sha ruwanta ta zauna da mu a inuwa.

Na haɗa miki kala uku a cikin saƙon nan. Ki fara da siririn. In ya jiƙe da wuri ki hau na gaba, in kin cire shi kusan a bushe ki sauko. In babu wanda ya yi miki, ki je kemis da ƙafarki ki buɗe baki, ba kanki farau ba. Ni ce babba, kuma ban yarda ki riga ni kwantawa ba a kan abin da ake sayarwa a shago.

Ki gaishe min da 'yarki ta fari da maigidanta, da Dogo, da 'yan biyu, da takwarata mai kuka. Auta da matarsa suna gaishe ki. Kafin a naɗe takardar nan, ki sa a miƙo miki ruwa, kofi cike, ki shanye a gaban mai karantawa.

Taki har kullum,
Yayarki