Layun Wuyan Akawal

Malbaza, 12 ga Maris 1968

Yaya Munkaila,

Gaisuwa mai yawa. Ina Baba da ciwon ƙafa, ina Inna, ina Balki da goyo? Ni lahiya lau, jigilar dutse zuwa gidan siminti tana tahiya.

Sai dai abu guda. Ran Lahadi masu keken doki kan yi tsere, suka zuga ni na shiga. Sabon abin wuya na jan keke ya ƙi zama bisa layun da Baba ya rataya ma dokinmu Akawal, sai na yanke su. Da hannuna, Yaya. Muna cikin gudu jiniyar gidan siminti ta yi kuka, dokin ya firgita, ya bi ta kan Labo, abokin ɗakina. Kwana ukku ke nan yana kwance gidan likita, bai buɗe baki ba. Jandarma sun zo nemana sau biyu.

Kada hankalinku ya tashi, Labo yana numfashi. Ka tahi wurin Malam a yi mamu roƙo. Don Allah kada Baba ya ji tukuna.

Na ɗinke layun zan mayar, Akawal ya kauda wuya. Yanzu suna ƙarƙashin kan Labo.

Ƙanenka,
Isufu