Gilasan Hannah

Litinin, 16 ga Yuni, 2025
A sani, a kuma sanar: daga yau, duk ɗalibin da ya buɗe baki yayin da nake sauke allurai huɗu na na'urar awo a kan samfuri, ya ci amanar kimiyya. Shekara ashirin da biyu ke nan ni, Kudu, ina riƙe da wannan ɗakin gwaji na jami'a a Bosso. Dauloli sun rushe a kan abin da bai kai surutun ɗalibai ba.

Hannah, 'yar ajin ƙarshe, ta kawo gilasai shida. Wai ta fesa wa fuskar kowanne wani sinadari siriri da ido ba ya gani, in auna yadda lantarki ke gudu a cikinsa. Na shimfiɗa su, lambobin da ta rubuta suna kallon sama, yadda hankali ya tanada. Lantarki bai motsa ba. Ta ce, "Baba, ai..." Na ɗaga yatsa.

Talata, 17 ga Yuni
Na sake. Babu. Wata uku tana ƙona mana sinadarai, ta kawo mini gilashin taga!

Alhamis, 19 ga Yuni
Dakta Gimba, mai duba aikinta, ya tare ni a baranda. Litinin za a rufe karɓar kundi. In ba sakamako mai sa hannuna, yarinyar za ta maimaita shekara. "Malam Kudu, a daure a ƙara dubawa." Na sanar da shi cewa na'ura ba ta da 'yar ɗaki.

Na tsara takardar ƙara, shafi biyu, cewa samfuran na bogi ne. Sakin layi na uku ya burge ni matuƙa. Ƙarewar tawadar firinta ce kawai ta hana ni miƙawa.

Juma'a, 20 ga Yuni
Hannah ta shigo idanu jawur. Ta kama gilashi ta gefe, ta kifa shi, ta nuna mini allurai. Don in kunyata ta na sauke su.

Lambobi suka cika fuskar na'ura.

"Baba, a baya ake rubuta lamba, kar alƙalami ya ɓata wajen feshin. Tun Litinin bayan gilashi kake aunawa."

Na tambayi wane jahili ne ya koya mata wannan bidi'a. Ta ce ni ne, a aji biyu.

Har yanzu raina a ɓace yake. Da wa, ban tantance ba tukuna.

Litinin, 23 ga Yuni
Ta miƙa kundi kafin azahar. Da ƙafata na raka ta ofishin sashe, don likita ya ce in riƙa tafiya. A hanya na tambayi ra'ayinta kan samfuri na shida, na kuma saurara har ƙarshe. Takardar ƙara ta ɓace daga kwamfuta. Ba zan yi bincike ba.

Kotu ta zauna, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma. An ci tarar Kudu: kwana uku babu goro. Ya ɗaukaka ƙara, an mayar biyu.