Jakina Ya Warke, Saura Mu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da gwamnati ta ɗora wa duba lafiyar mutanen da sunka kai ɗauki bayan harin 'yan bindiga, a shiyyar Mafara, Bakura da Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka shi daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali, da abokan aiki, da direbanka mai kirki wanda ya yaba furarmu har ya nemi ƙari. Ya gajiyar hanya? Ya haƙuri da jama'a? In ka tambayi lafiyarmu, muna nan lafiya lau.

To, ka gani ko? Hannuna ya rubuta tun ban ba shi izini ba. Wagga "lafiya lau" ita ta kai mu inda muke, kuma a kanta na ɗauki alƙalami.

Sunana Alu Mai Jaki. Ruwa nake ɗebowa da jakina, Auraki, ina sayarwa a wani ƙauye da ke tsakanin Bakura da Talata Mafara. Ka zo garinmu. Ni ne tsohon nan mai shuɗiyar riga wadda ta fi ni girma. Ta surukina ce.

Na ɗaya, abin da ya faru. Bara, bayan an gama girbi, mutanen daji sunka shigo mana da hantsi. Sunka kora shanu, sunka kashe mana mutum biyu, Allah shi jiƙansu, sannan sunka cinna wa rumbuna wuta, har da siton manoman rani. A cikin siton nan akwai takin zamani, da maganin feshi, da buhunan barkonon da anka tara don kasuwar Talata. Suna fita, mu da ba mu iya gudu mai nisa mu ne munka fara dawowa. Ni da Auraki muna jigilar ruwa, Isiya mai faci yana watsawa, Ladan Bawa kuwa, mai kiran sallar masallacinmu, shi ya kutsa gidan da ke jikin siton ya fito da wata tsohuwa a bayansa, ya koma ya fito da akuyarta don ta ce ba ta tafiya sai da ita. Hayaƙin ranar nan, ranka shi daɗe, na ga hayaƙi iri-iri a duniya amma ban taɓa ganin mai launin miyar kuka ba sai shi. Ba wanda ya ce mu rufe hanci. Motar kwana-kwana ta iso toka ta huce. Tun daga ranar muke tari, mu wajen goma sha, har da jakin.

Na biyu, zuwanku. Anka aiko cewa manyan baƙi na tafe, kuma duk wanda anka tarar bai da lafiya gwamnati za ta yi mai magani ta ba shi diyya. Mun ji wannan sarai. Amma kunnuwanmu sun fi kama "manyan baƙi".

Maigari ya tara mu ya ce kada wanda ya yi wa baƙi tari a fuska, a je Gusau ana cewa garinmu ba mu da tarbiyya. Duk munka ce gaskiya ne. Mata sunka dafa citta da kanumfari da zuma, anka ɗura mana tun da safe. Ladan Bawa, wanda in ba kiran salla ba ya yi makonni bai fito ko zaure ba, anka yi mai wanka da ruwan zafi, anka zizara mai kwalli, anka naɗa mai rawani, anka jingina shi da gindin darbejiya da matashi a baya yadda ba ku gani. Sannan maigari ya kira Ɗan Indo makaɗi ya ce ya sa mana ido, duk wanda ya ga kafaɗarsa ta fara rawa tari na tafe, ya ƙara wa kalangu wuta. Ka tuna ka ce tunda kake yawon ƙauyuka ba ka taɓa jin kiɗa mai zafi irin namu ba? Ba kiɗa ba ne, ranka shi daɗe. Isiya ne.

Kunka bi mu ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya, "Baba, ya jiki?" Yanzu don Allah, mutum ya taso tun daga Gusau, ya biyo wagga hanya da kowa ya san halinta, ya durƙusa gabanka ya ce ya jiki, mi za ka ce mai? Tun kakanninmu amsar guda ce. Na taɓa zuwa gaida wani kawuna da safe ya ce da ni da sauƙi, kafin la'asar munka kai shi makwancinsa. Bai yi ƙarya ba, ladabi ya yi. Haka munka amsa muku, da sauƙi, alhamdu lillahi. Ladan Bawa har da ƙari, ya ce ai garau yake. Numfashin da ya tara tun safe kenan ya kashe a kan kalma ɗaya.

Na uku, Auraki. Shi ba a yi taro da shi ba. Yana ɗaure bayan rumfa, kuna cikin cin abinci, ya saki tarin da Ɗan Indo ya kasa rufewa. Likitan dabbobin da kunka zo da shi don maganar shanu ya aje cokali, ya je ya kara kunne a haƙarƙarinsa, ya buɗe mai baki, ya yi mai allura nan take, ya bar mini kwalbar magani. Ya sake dawowa duba shi, har da tsarabar dusa. Allah shi yi mai albarka, ya san aikinsa. Yau Auraki ya yi ƙiba, in ya yi kuka ana ji har bakin fadama. Mu kuwa anka ba kowa bokiti da tabarma, bayan kwana kaɗan munka ji a rediyo cewa masu kai ɗaukin garinmu duk sun murmure. Bokitin na da kyau. Mun ɗauka na gobara ta gaba ne.

Isiya ya zo mini sau da yawa yana jujjuya kwalbar jakin, yana tambaya ko rabin murfi zai yi wa mutum illa. Na ɓoye ta a ɗakin maiɗakina.

Na huɗu, kuma nan zan aje wasa kaɗan. Ladan Bawa tun yana saurayi yake kiran salla a garin nan, ba lasifika. Da, masu aiki a gonakin albasa da muryarsa suke aje fartanya. Yanzu in ya hau kira sai ya tsaya tsakiya ya dafa bango, mu da ke alwalla mu sadda kai muna jira ya dawo. Ba ya yarda a karɓe shi. Mun kai shi Mafara, likita ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, ya ce abin ya fi ƙarfin citta, sai an kai shi babban asibiti an ɗauki hoto, an sa shi kan magani mai tsawo, kuma a yi kafin sanyi ya shigo. Shanun da za a sayar a yi haka suna daji wurin waɗanda sunka kora su.

Don haka ga roƙona.

Ku dawo, amma kada ku aiko. In kunka aiko, wallahi za mu sake wanka. Ku aje mota nesa, kada maigari ya gani, kada Ɗan Indo ya ji.

Kada ku tambayi kowa ya jiki. Ku zo da likitan mutane ya yi mana yadda anka yi wa Auraki, ya kara kunne kawai, ya buɗe baki, ba hira. In likitan mutane bai samu zuwa ba, a turo na dabbobin, mun ga aikinsa kuma mun gamsu.

A fara da Ladan Bawa. Diyya in ta zo muna so, ba mu ƙi ba, amma ƙirjinsa ne ba ya jira. In kuna son shaida, ku tsaya bayan masallaci lokacin azahar ku saurara. Can ne kaɗai ba ya iya ce muku da sauƙi.

Kuma ku faɗa wa 'yan uwanku masu zuwa ƙauyukan Maradun da Jangebe, in sun tarar da marasa lafiya sun sha kwalli ana kiɗa, su duba da kyau.

Allah shi ƙara maka lafiya, irin ta gaske. Allah shi tsare ka a hanya, shi ba ka ikon sauke nauyin da anka ɗora maka, shi kawo mana ƙarshen wanga tashin hankali. Na karanta wa Ladan Bawa wagga takarda kafin in aiko. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tarinsa ya gama, sannan ya ce in gaishe ka da kyau, in ce maka kada ka wahalar da kanka, jiki da sauƙi.

Kada ka yarda da shi, ranka shi daɗe.

Wassalam.

Naka,
Alu Mai Jaki