Sandar Sitiyarin da Ka Ce Mini Sabuwa Ce

Zuwa ga Maigidana, Alhaji Illa direba, wanda Allah ya yi wa rasuwa damina huɗu ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda yaro ke yi wa maigidansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima inda kake. Nomau ne, aparantinka, yaron motar da ya bi motarka shekara talatin da 'yan kai. Ka san ban yi lakol ba, wato boko, ban kuma yi nisa a allo ba. Mushe Shaibu, wato Malam Shaibu, tsohon malamin lakol na Sabon Gida, shi ke rubutawa, ni ina faɗa. Ya ce zai sa ta inda mutane ke karatu a waya, na ce hakan nake so, don maganar da na baza a bainar jama'a a bainar jama'a zan gyara ta.

Maigida, kwana tara ke nan abinci bai yi mini daɗi ba, kuma kai ne sanadi.

Bari in fara daga farko. Ɗanka Laminu ya dawo daga arewa, ya tada katkat ɗinka, tsohuwar motar nan, daga inda ta kwanta a bayan gida. Ya yi mata aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ya ɗaga ta. Ya ƙara mata lam, faifayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayu, ya sa mata tubalan ƙarfe a ƙarƙashi, ya ɗaura mata manyan tayu, wai don ta ratsa kwari da damina ba tare da ruwa ya kai ga inji ba. Da ka gan ta ba za ka shaida ta ba. Mutanen gari sun sa mata suna Raƙuma, tsofaffin mata kuwa sai an ajiye musu turmi suke hawa.

Da na leƙa ƙarƙashinta na ga abin da na zata. Sandar da ke tasowa daga akwatin sitiyari zuwa taya, wadda ka sani a kwance, yanzu ta karkace kamar tsanin da anka jingina a rumbu. Munka fita gwaji a hanyar Urno, taya na faɗawa rami sai sitiyari ya fizge daga hannun Laminu, saura kaɗan mu shiga gonar wani.

Hanya uku ke gabansa. Ko ya cire tubalan ta koma ƙasa. Ko ya tafi Ƙonni ya nemo hannun ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake ƙerowa tun daga can don motar da anka ɗaga, ya yi haƙurin jira. Ko kuwa ya kai sandar wajen mai walda a Madawa, a yanka ta, a ƙara mata tsawo, a gasa a lanƙwasa, kafin azahar an gama. Ta ukun ya zaɓa, don ya riga ya yi wa mutane alkawarin kai su kasuwar Tamaske, har da ɗiyata Habsu da tabarminta.

Ka san abin da na ce masa, don maganarka ce na maimaita: wuta ba ta taɓa ƙarfen sitiyari. Na gaya masa ubansa ya tuƙa wagga mota daga Madawa har Keita tun ba a haife shi ba, bai taɓa yarda ko ashana ta kusanci sandar nan ba. Ya ce da ni, cikin ladabi dai, wai zamani ya sake, masu walda na yanzu ba irin na da ba ne. Na bar shi ya tafi neman mai, na ɗauki kile, wato sifana, na kwance sandar, na saɓa ta a kafaɗa na kai ta ɗakina. Na aika masa cewa in yana son ta ya zo ya ture ni ya ɗauka.

Da hantsi na zauna a zaure ina wanke ta da kananzir da yashi, don in nuna masa irin ƙarfen da yake son lalatawa. Baƙin fenti ya fara tashi. Sai yatsana ya ji wani ɗan tudu wajen tsakiya. Na sa wuƙa na kankare.

Walda ce, Maigida. Tsohuwar walda, ta zagaye sandar kaf, an goge ta sumul an shafe da fenti har sau biyu.

Na daɗe a zaune ina kallon ta. Matata Hajo ta yi mini magana sau uku ban ji ba, har ta zata ciwon da na yi bara ne ya dawo.

Na san ranar. Shekarar da hatsi ya yi wuya, muna ɗauke da gero zuwa ƙauyukan bayan Buza, munka daki dutse a cikin kwari sandar ta karye. Ka bar ni gadin mota da buhuna, ka bi wani mai raƙumi. Kwana biyu ina zaune a inuwar mota ina korar awaki. Ka dawo da sanda baƙa wul tana ƙyalli, ka miƙo mini, ka ce: "Sabuwa ce, daga Ƙonni. Ɗaura." Ni na ɗaura ta da hannuna. Har na yaba ta, na ce wanga ƙarfe ya fi na da.

Shekara nawa munka yi a kanta bayan nan? Ni da nake alfahari ba abin da ke ɓoye wa hannuna a ƙarƙashin mota, kullum ina shafa ta.

A zauren nan sai abubuwa sunka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowanne da wata fuska da ban san shi da ita ba.

Kafin wannan tafiya ba ka da dokar wuta. Na bincika kaina sarai, ban tuna ka taɓa faɗin ta ba sai bayan nan.

Kafin wannan tafiya ba ma kwanciya ƙarƙashin mota kowace safiya. Bayanta ne ka tsiro da shi: ni a sama ina kaɗa sitiyari dama da hagu, kai a ƙasa kana bin sanda da tafin hannu. Sai da gwiwarka ta gaza ka bar mini wurin. Kakan ce ido yana ƙarya, hannu a tambaya. Na ɗauka koyar da ni kake yi.

Gangaren nan na hanyar Keita, inda kake tsayawa ka ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, mata na gunaguni, 'yan kasuwa na cewa Alhaji Illa ya cika tsoro. Har ni kake saukewa, wai in bi bayanta da wejin katako. Kai kaɗai ke gangarawa da ita, a giya ta ɗaya. Na sha faɗa da mutane a kan wannan, ina ce musu birki kake tattali.

Goro ma. Ka daina ɓare goro kana tuƙi, sai an tsaya. Hannu biyu a kan sitiyari har ka bar tuƙi.

Na gane dalilin ranar farko. Akwai yunwa a gabanmu, Ƙonni da nisa, wataƙila ma ka je ba ka samu ba. Da ni ne da haka zan yi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shekarun da sunka biyo baya. Mun shiga Ƙonni ya fi a ƙirga. Ka sayi tayu, ka sayi batir, ka sake gilashi. Mi ya hana ka sayen sanda? Amsa ɗaya na samu, ita ce kuma ta fi yi mini ciwo: ni ke kwancewa, ni ke ɗaurawa, da ka kawo wata sai na tambaye ka laifin wagga. Kunyata ka ji, Maigida? Ni da nake wanke maka buta?

Sai kuma ga Laminu. Duk ƙarfin maganata a kansa sunanka ne. In na nuna masa, zai ce tunda ta riƙe uba za ta riƙe ɗa. Na yi tunanin in nemo fenti in mayar da ita yadda ka bar ta. Har na tashi. Sai na ga ni ma zan shiga abin da ka shiga, ga shi ba ni da sauran shekarun da zan yi gadin ta.

Da la'asar ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba Nomau a yi haƙuri a ba shi sandar. Na ajiye ta a gabansa, na ɗora yatsansa a wurin.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Ya yi dariya, ya ce ashe tsoho ma ya yi, ga ta kuma har yau ba ta karye ba.

Na ce masa: "Ka tuna kana yaro ana sauke ku a gangaren Keita, kana kuka wai duwatsu na cin ƙafarka? To wanga ɗan tudun ne ya sauke ka. Ubanka bai sake yarda da motarsa ba har ya koma ga Allah. Sandar kuma lokacin a kwance take, motar ba ta ɗauke da tayun raƙumi."

Dariyar ta ɗauke. Ya juya sandar, ya sake juyawa. Ya ce ya tuna, kuma ya tuna in ka iso ƙasan gangaren kakan fito ka zauna a kan dutse, rigarka jiƙe da gumi ko da sanyi ake. Ni ban taɓa lura da wannan ba, ina can ina tattara fasinja.

Shi da kansa ya bi gida gida ya ba mutane haƙuri, ya ce Raƙuma ba za ta je Tamaske ba sai bayan kasuwa biyu. Habsu ta yi fushi, ta ɗora tabarminta a amalanke. Ya cire rabin tubalan. Shekaranjiya munka tafi Ƙonni ni da shi, munka samo hannun ƙarfen da sabuwar sanda.

Mai shago ya rantse mini sabuwa ce. Na zaro wuƙata na kankare fentin daga wanga kai har wancan, a gabansa, yana ta faɗa yana cewa tsoho ya ɓata masa kaya. Sai da na ga farin ƙarfe duka na ce a naɗe mana.

Jiya da safe na hau na kama sitiyari, Laminu ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙasa. Ban ce masa ya yi ba.

Tsohuwar sandar tana bayan ƙofar ɗakina. Duk wanda na taɓa gaya wa cewa Alhaji Illa bai taɓa sa wa sitiyari wuta ba, ya zo ya taɓa. Ya sa sau ɗaya, ya kuma ɗauki nauyinta shi kaɗai, bai bari ta taɓa kowa ba.

Na yi fushi da kai, Maigida, ba zan ɓoye ba. Da ka gaya mini, da mun raba tsoron biyu. Da ban yarda ka gangara kai kaɗai ba ko sau ɗaya.

Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini tonon da na yi. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sauke maka duk wani nauyi da ka ɗauka ba ka gaya wa kowa ba. Allah ya tsare Laminu a kan hanya, shi da duk wanda ya hau bayansa. In Allah ya haɗa mu, tambayar nan ta Ƙonni tana nan, sai ka amsa mini.

Naka har kullum,
Nomau aparanti, Sabon Gida.