Za Su Sake Sa Inna Tsahara Ta Tsallaka

Yaya Hajara,

Sallama irin ta kullum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma in ban amayar da abin da ke cikina ba, zai kashe ni.

Ɗiyarki Nana ba ta da lafiya. Gaɓoɓinta sun kumbura, gashinta na zuba, in ta shiga rana kumatunta su yi ja. Ciwonki ne sak, Yaya.

Na kai ta asibiti Maraɗi, aka ɗebi jini. Lokotoro ya ce jikin mutum na da sojoji masu yaƙar cuta, a cikinsu kuma akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu tsawatarwa, su aika wa sauran saƙo cewa wannan na gida ne, a bar shi. A jikin Nana saƙon ba ya isa, sai sojojin suka juya suna cin gaɓoɓinta da ƙodarta. Ya ce ba ya warkewa ɗungum, amma akwai maganin da ke kwantar da su, in ba a yi wasa da shi ba. Kin ji abin da ya cinye ki.

To ina maita a nan?

Kin tuna ranar da mijinki da 'yan'uwansa suka jawo Inna Tsahara, maƙwabciyarku mai daddawa, wai ita ta kama kurwarki? Suka tuɓe mata zane, suka sa ta tsallake ki, ta kuskure baki aka ɗura miki ruwan. Tir! Matar da ta yanke miki cibi! Tun ran nan ba mai sayen daddawarta, yara na jifanta a hanyar tabki, manya na kallo.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Romon kifin da kike sha a kwanakinki na ƙarshe, har kina yaba hannuna, ba ni ke dafawa ba. Ita ke miƙo mini ta kan danga, ta roƙe ni kar in faɗa.

Yanzu mijinki ya zubar da ƙwayoyin maganin Nana a masai, wai maganin asibiti ba ya sakin kurwa. Sun sa Juma'a za su sake jawo tsohuwar. Ba kunya, ba tsoron Allah. Garin nan kaf an rasa mai buɗe baki ya ce wannan ta gida ce?

Na gaji da jiran mai faɗa. Na sake karɓo maganin, na ɗauke Nana ta dawo ɗakina. Inna Tsahara ma na kwaso mata tabarmarta, ga su can zaune tana shafa wa yarinyar mai a gwiwa. Ran Juma'a a bakin ƙofa za su same ni. Mai son a tsallake ɗiyarki, sai ya fara tsallake ni.

Allah Ya kai haske kabarinki. Ki kwanta, na tsaya.

Ƙanwarki,
Rabi